John Dalton: masanin da ya bar wasiyyar a cire idanunsa

Duk wanda ya yi karatu da Faransanci ya taɓa jin kalmar daltonien, sunan da ake kiran mutumin da ba ya iya bambanta wasu launuka, musamman ja da tsanwa. Kalmar ta samo asali ne daga John Dalton, masanin kimiyya ɗan ƙasar Ingila, wanda ya rayu da wannan larura, kuma ya lura tun da wuri cewa maza ta fi samu.

An haife shi ranar 6 ga Satumban 1766 a ƙauyen Eaglesfield da ke arewacin Ingila. Mahaifinsa masaƙi ne mai ƙaramin ƙarfi. Yana ɗan shekara 12 ya fara koyar da yara, a 1793 kuma ya koma birnin Manchester yana koyar da lissafi. Duniya ta fi saninsa da bincikensa kan ƙwayar zarra, wanda ya fitar a littafi a 1808.

Wani fure mai launin ruwan hoda ne ya sa ya gano matsalar idonsa a 1792. Da rana yana ganin furen shuɗi kamar sararin sama, da dare a hasken kyandir sai ya koma masa ja. Abokansa ba su ga wani sauyi ba, amma wansa Jonathan ya ga abin da ya gani. A 1794 Dalton ya gabatar da ƙasida kan lamarin a gaban wata ƙungiyar masana ta Manchester. A cikinta ya nuna cewa larurar tana bin dangi, kuma duk waɗanda ya samu labarinsu maza ne, babu mace ko ɗaya.

Dalton ya zaci ruwan da ke cikin idonsa ne ya rine da shuɗi yake tace haske. Don a tabbatar, ya bar wasiyyar a bincika idanunsa bayan mutuwarsa. Ya rasu ranar 27 ga Yulin 1844, washegari likitansa Joseph Ransome ya cika wasiyyar, ya tarar ruwan idon garau yake. Zaton Dalton bai tabbata ba, amma an adana ragowar idanun a Manchester. A 1995 masana suka gwada ƙwayoyin halittar da ke cikinsu, suka gano cewa a cikin nau'i uku na ƙwayoyin ganin launi da ke idon mutum, Dalton bai da mai ɗaukar hasken tsanwa.

Dalilin da ya sa maza suka fi yawa ya fito fili a 1911, lokacin da Ba'amurke Edmund Wilson ya danganta larurar da kuromosom X. Namiji yana da X ɗaya tak, wanda ya gada daga mahaifiyarsa, in ya zo da tangarɗa babu mai maye gurbinsa. Mace tana da biyu, mai lafiyar yakan rufa wa ɗayan asiri. Shi ya sa uwa mai gani lafiya lau za ta iya haifar ɗa mai larurar. A tsakanin ƴan asalin arewacin Turai, tana shafar kusan namiji 1 cikin 12 da mace 1 cikin 200. A Afirka adadin bai kai haka ba, amma nan ma maza ne a gaba.

Yaron da ke rikita jan alli da tsanwa a aji, mai yiwuwa ba rashin mai da hankali ke damunsa ba. Gwajin Ishihara, wanda wani likitan Japan ya fitar a 1917, yana gano larurar cikin ƴan mintoci, kuma ya fi kyau matashi ya yi shi kafin ya zaɓi sana'a irin tuƙin jirgin sama ko aikin wutar lantarki.