Marigayi Dokta Norman Borlaug: Masanin Da Ya Yaƙi Yunwa Da Irin Shuka

Duk wanda ya bi hanyar Palladan daga Sabon Gari zuwa Samaru ta Zariya zai iske Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda aka kafa a 1922, ta kuma koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Aikinta shi ne samo irin da ya dace da ƙasa da ruwan Arewa. A wannan fanni ne marigayi Dokta Norman Borlaug ya ƙare rayuwarsa.

An haife shi ran 25 ga Maris, 1914, a gidan manoma cikin Jihar Iowa ta Amurka. Ya sami digirin dokta a kan cututtukan tsirrai a Jami'ar Minnesota a 1942. A 1944 ya tafi Meziko, inda cutar tsatsa take halaka alkama. Ya riƙa shuka sau biyu a shekara, sau ɗaya a kwarin Yaqui, sau ɗaya a tudun Toluca mai sanyi. Ta haka ya sami irin da ke jure tsatsa, ya kuma yi kyau a wurare dabam-dabam. Meziko ta wadatu da alkama a 1956. Ya kuma yi barbarar irinsa da gajeriyar alkamar Japan, aka sami mai gajeren kara wadda ba ta kwantawa in ta sha taki.

A 1966, sa'ad da fari ya addabi Indiya, ƙasar ta sayi tan 18,000 na wannan iri. Amfani ya bunƙasa a can da Pakistan, aka ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya a 1970.

Amma Afirka ta zame masa gagarabadau. Bayan yunwar Habasha ta 1984, shi da attajirin Japan Ryoichi Sasakawa da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suka kafa shirin Sasakawa Global 2000, wanda ya iso Nijeriya a 1992, ya fara da Jihohin Kano da Kaduna. Malaman gona suka riƙa buɗe gonakin gwaji na masara da alkama a filayen manoma. Sai dai abin da Indiya ta dogara da shi, watau madatsun ruwa da hanyoyi da taki mai araha, ya yi ƙaranci a nan. Alkama kuwa a ƙasar Hausa ba ta yi sai da ban-ruwa da sanyin hunturu, kamar a Kadawa.

Borlaug ya rasu ran 12 ga Satumba, 2009, yana da shekara 95. Masarar nan mai gina jiki da ya yi ta yayatawa, Obatanpa ta Ghana, Samaru ta fitar wa manoma ita da sunan SAMMAZ 14. Saura kai wa manomi taki da ruwa a kan kari, nauyin da ke wuyan ma'aikatan gwamnati.