Durer, mai zanen zomo

An haifi Albrecht Durer a shekarar 1471 a birnin Nuramberg, cikin ƙasar Jamus. Ubansa maƙerin fari ne, yana aikin zinariya. Ƴaƴa 18 ya haifa, amma uku kaɗai suka girma.

Tun yana ƙarami Durer yake zama maƙera wurin ubansa. Yana da shekara 13 ya ɗauki madubi, ya dubi fuskarsa, ya zana ta. Da ya ce shi zane yake so, ba ƙira ba, sai ran uban ya ɓaci, don yana ganin shekarun koyon ƙira sun tafi a banza. Duk da haka ya yarda. A 1486 ya kai shi wurin wani gwanin zane, Michael Wolgemut, ya yi shekara uku yana koyo.

A 1502 Durer ya zana zomo. Ba zomon tatsuniya mai wayo da kuka sani ba, zomon daji ne kurum, ya lafe, kunnuwa a tsaye. Da fentin ruwa ya yi shi. Da farko ya shafa ruwan ƙasa-ƙasa a takarda. Sannan ya ɗauki siririn buroshi, ya riƙa jan gashi ɗaya bayan ɗaya, kowane ta inda yake kwantawa a jikin dabbar. Har cikin idon zomon ana ganin hasken taga! Da shekara ta kewayo ya zana wani ɗan cincin ciyawa, irin wadda mutane ke takawa ba su duba ba.

A 1520 ya ji labarin wata ƙatuwar dabbar teku da ruwa ya jefo gaɓa a ƙasar Holand. Ya tafi gani, ya tarar ruwa ya janye ta. Ya komo gida ba lafiya. Ya rasu a 1528, yana da shekara 56.

Bayansa masu zane da yawa sun koyi aiki da kwaikwayon zomonsa. Wajen 1585 wani ɗan garinsu, Hans Hoffmann, ya sake shi bisa allon katako da fentin mai, wanda ba ya saurin bushewa, ana iya gyara shi sannu-sannu. Shi cikin kurmi ya sa zomon, yana cin ganye, tsakanin tsirrai da ƙwari. Sarki Rudolf na 2 ya saye shi. Zomon Durer kuwa yana birnin Biyana, a gidan ajiye zane na Albertina.