Malam Abdussalami na Gimbana: Malamin da wasiƙunsa suka tsira a hannun abokin hamayyarsa

Gidan sarautar Jega, wato Gimbanawa, ya samo asali ne daga Malam Abdussalami ɗan Ibrahim, Ba'are, ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo waɗanda ba Fulani ba. Da shi aka ɗaura ɗamarar jihadi, amma bai cika shekara guda da rasuwar Shehu ba sai da dakarun Sakkwato suka ci garinsa da yaƙi.

Ya fara zama ne da jama'arsa kusa da Ɗagel, yana ɗaukar karatu yana wa'azi. Da Sarkin Gobir Nafata ya tsananta wa jama'ar Shehu, sai ya ƙaura zuwa Gimbana a ƙasar Kabi wajen 1797. A ƙarshen 1803 rundunar Sarki Yunfa ta auka wa Gimbana, ta kashe mutane, ta kama wasu bayi. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Ɗagel, mutanen Shehu suka kwance su. Wannan ne ya fusata Yunfa, har ta kai ga hijirar Shehu zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804.

Bayan an ci nasara, aka zo rabon ƙasa a 1812. Yamma ta koma hannun Abdullahi ɗan Fodiyo, gabas kuma hannun Muhammadu Bello. Abdussalami ya samu ɗan yanki a Sabiyal, cikin ƙaramar hukumar Aliero ta yau, ƙarƙashin Abdullahi. Yana ganin rabon bai kai wahalar da ya sha ba. Da saɓani ya yi ƙamari, Shehu ya mayar da shi Kware, arewa da Sakkwato, inda ya kewaye garin da ganuwa.

Shehu ya rasu a watan Afrilun 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Daga nan wasiƙu suka fara kai-komo tsakanin Kware da Sakkwato. Abdussalami ya yi ƙorafin cewa zalunci ya yawaita cikin al'umma, shugabanni sun karkata ga abin duniya. A ɗaya daga cikin wasiƙun har ya zana yadda aka yanka ƙasa tsakanin manyan jihadi, don ya nuna ƙanƙantar nasa kason. Bello ya mayar da martani da hujjojin fiƙihu. Ya zarge shi da hulɗa da abokan gaba da ba su mafaka, ya kuma yanke cewa mai taimakon kafirai a kan Musulmi ya fita daga addini.

Da alƙalami ya kasa, sai takobi ya karɓa. Aka yi wa Kware ƙawanya, garin ya faɗi a farkon 1818. Abdussalami ya tsere da rauni zuwa Bakura, a can ya cika. Da yawa daga mabiyansa suka tattaru a Kalambaina, suka ci gaba da tawaye, har sai da Bello ya kai wa baffansa Abdullahi ɗauki aka murƙushe su. Daga baya ɗansa Buhari ya sasanta da Gwandu, ya kafa Jega, wadda ta zama babbar kasuwa a yankin.

Muhimmin abin lura shi ne hanyar da wasiƙun suka iso gare mu. Bello ne ya tattara su cikin littafinsa Sardul Kalami, wanda ya rubuta don kare matakin da ya ɗauka, kuma an buga fassararsa ta Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Ke nan wanda ya tuhumi Abdussalami shi ne ya yi masa hukunci, shi ne kuma ya adana takardun shari'ar. Wajibi ne mai karatu ya riƙe wannan a zuciya. Duk da haka Bello bai ɓoye ƙorafin abokin hamayyarsa ba, ya kawo shi sannan ya amsa. Shi ya sa, bayan fiye da shekara 200, matashin Jega ko Maiyama zai iya karanta hujjojin ɓangarorin biyu, ya auna da kansa ko kukan da aka yi kan rabon iko ya samu amsar da ta dace da shi.