Denis Burkitt: Likitan da ya bi sawun sankarar da ke kumbura muƙamuƙin yara

An haifi Denis Parsons Burkitt ranar 28 ga Fabrairu, 1911, a garin Enniskillen na arewacin Ayalan. Yana ɗan shekara 11 ya rasa idonsa na dama, amma hakan bai hana shi zama likitan tiyata ba. Ya kammala karatu a Kwalejin Trinity da ke Dublin a 1935, sannan ya kama aiki a Yuganda a 1946.

A 1957, a Asibitin Mulago na Kampala, aka nuna masa wani yaro da muƙamuƙinsa suka kumbura sama da ƙasa. Ba da jimawa ba ya ga wani mai irin wannan kumburi. Ya koma ya tono tsofaffin takardun asibiti, ya gane cewa cuta guda ce da ake yi wa sunaye daban-daban, ya wallafa sakamakon a 1958. Sankara ce ta kaluluwa, dangin sankarar jini, kuma tana cikin mafiya saurin girma a jikin ɗan Adam. Ita ake kira limfomar Burkitt.

A 1961 shi da abokansa likitoci biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, suka shiga wata tsohuwar mota suka yi tafiyar kimanin mil 10,000, suna tambayar asibitocin gabashi da kudancin Afirka ko suna ganin cutar. Taswirar da suka zana ta nuna tana yawaita inda ake da zafi da ruwan sama mai yawa, wato inda sauro da zazzaɓin maleriya suka yi katutu. Da ya zo Nijeriya, ya tarar ta fi yawa a kudu, tana ƙaranci a yankin Kano. Sai dai binciken da likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suka yi daga baya ya sanya ta cikin sankarar da ta fi kama yara a jihar.

Daga samfurin da ya riƙa aikawa Landan ne Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano, a 1964, ƙwayar bairos ta farko da aka danganta da sankara a jikin mutum. Burkitt ya kuma roƙo magunguna kyauta daga kamfanoni, irin su methotrexate da cyclophosphamide, ya ga kumburin yana narkewa cikin makonni. A 1972 ya samu lambar yabo ta Lasker tare da wasu likitoci, ciki har da Victor Ngu da ya yi irin wannan aiki a Ibadan.

Asalin cutar ya bayyana ne a cikin ƙwayoyin halitta. A 1976 masana suka gano cewa wani yanki na kuromosom na 8 yana ɓallewa ya manne da na 14. A 1982 aka tabbatar cewa wannan musanya ce ke sa ƙwayar gadon da ake kira MYC ta yi ta aiki ba tsayawa, sai ƙwayoyin jiki su yi ta hayayyafa. A yau gwajin wannan musanya yana taimaka wa likita ya bambanta limfomar Burkitt da wasu masu kama da ita, domin ita tana buƙatar magani mai ƙarfi cikin gaggawa, kuma wanda ake bai wa sauran ba ya isarta.

Burkitt ya koma Ingila a 1966, ya duƙufa kan nazarin amfanin dusar hatsi ga lafiyar hanji. Ya rasu ranar 23 ga Maris, 1993.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa a ƙasashe masu arziki, amma ba su kai kashi 30 ba a yawancin ƙasashe matalauta. Yaron da aka kawo Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata da kumburin fuska yana buƙatar ganowa da wuri, da ɗakin gwaji mai kayan aiki, da maganin da iyayensa za su iya saye. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Har yau kasafin gwamnatin tarayya bai kai wannan adadi ba.