Willem Einthoven: Likitan da ya sa zuciya ta rubuta bugunta a takarda

Duk wanda aka taɓa manna masa wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu a asibiti, na'ura ta fitar da takarda mai zane kamar tsaunuka da kwari, ya ci moriyar aikin Willem Einthoven. Wannan gwaji da likitoci ke kira ECG, wato awon wutar lantarkin zuciya, shi ne ya mayar da shi abin dogaro fiye da shekara 120 da suka wuce.

An haife shi ranar 21 ga Mayu, 1860, a garin Semarang da ke tsibirin Java, a ƙasar da ake kira Indonesiya a yau, lokacin tana ƙarƙashin mulkin mallakar Holan. Mahaifinsa likita ne, ya rasu Willem yana ɗan shekara shida. A 1870 mahaifiyarsa ta kwashi 'ya'yanta ta koma Holan, suka zauna a birnin Utrecht. A jami'ar birnin ya karanci aikin likita, ya sami digirin digirgir a 1885. A 1886, tun bai cika shekara 26 ba, ya zama farfesa mai koyar da yadda sassan jiki ke aiki a Jami'ar Leiden, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Kafin zamaninsa masana sun san cewa kowane bugun zuciya yana tafe da 'yar wutar lantarki. Matsalar ita ce ƙanƙantarta, domin abin da ke isowa fata bai wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu na bolt ɗaya ba. A 1887 wani masani a Landan, Augustus Waller, ya fara ɗaukar wannan alama daga jikin mutum, amma na'urarsa mai aiki da ruwan zaiba tana da nawa, zanen yana fita a dagule. Einthoven ya ga aikin Waller a taron masana da aka yi a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1889, ya ɗauri niyyar gyara shi.

Da farko lissafi ya yi amfani da shi wajen daidaita zanen. A 1895 ya sa wa tudu da gangaren bugun haruffa biyar: P, Q, R, S da T, waɗanda likitocin duniya ke amfani da su har yau. Daga nan ya ƙera tasa na'urar, wadda ya fara bayyanawa a 1901. Ya miƙe wani siririn zare na ma'adinin kwaz, wanda bai kai kaurin gashin kai ba, ya shafe shi da azurfa, ya sanya shi tsakanin manyan maganaɗisu. Idan wutar zuciya ta ratsa zaren sai ya motsa, a haska inuwarsa a kan farantin hoto mai tafiya. Na'urar ta kai nauyin kilo 270, tana buƙatar mutum biyar su sarrafa ta, kuma wanda ake aunawa sai ya tsoma hannuwa da ƙafa cikin bokitan ruwan gishiri.

Da yake ba ta ɗaukuwa zuwa wurin majinyata, a 1905 ya haɗa ɗakin bincikensa da asibitin jami'ar ta hanyar waya mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi. Mara lafiya na kwance a asibiti, shi kuwa yana karanta zuciyarsa daga nesa. Da haka ya nuna cewa cututtukan zuciya daban-daban suna barin sawu daban-daban a takarda. Wani likita a Landan, Thomas Lewis, ya ɗauki na'urar ya yi ta aiki da ita kan majinyata, har ta samu karɓuwa a asibitoci. A 1924 aka ba Einthoven lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci. Ya rasu a Leiden ranar 29 ga Satumba, 1927, yana da shekara 67.

A shekarar da ya karɓi lambar, wani likitan ƙwaƙwalwa a garin Jena na Jamus, Hans Berger, ya fara ɗaukar wutar ƙwaƙwalwar mutum, ya buga sakamakonsa a 1929. Wannan ne gwajin EEG da ake yi wa masu farfaɗiya da masu matsalar barci. Masu bincike kan damuwa kuma suna duba tazarar da ke tsakanin tudun R da mai bi masa. A jikin da ke cikin natsuwa tazarar kan ɗan sassaɓa daga bugu zuwa bugu. Idan damuwa ta yi nauyi, sassaɓawar kan ragu.

Wannan ya shafi ɗan kasuwar da ke dakon kaya tsakanin Katsina da Maradi ta kan iyakar Jibiya, wanda rufe iyaka a 2019 da kuma 2023 ya tsayar masa da jari, kamar yadda ya shafi ma'aikacin da albashi ke ƙare masa kafin wata ya raba. Damuwar da ta daɗe tana taimaka wa hawan jini, hawan jini kuwa yana kumbura tsokar zuciya ba tare da mai shi ya ji ciwo ba, kuma ECG na iya nuna alamar hakan. Gwajin ba ya maye gurbin awon hawan jini, agogon hannu mai ƙirga bugu kuma ba ya maye gurbin likita. Amma wanda ke jin faɗuwar gaba, ko nauyi a ƙirji, ko numfashi na sarƙe masa, bai kamata ya ɗora wa gajiya kawai ba, alhali gwajin da Einthoven ya share shekaru yana gyarawa bai wuce aikin 'yan mintuna ba a yau.