Claude Monet: Mai zanen da ya ƙare rayuwarsa yana farautar haske

An haifi Claude Monet a birnin Paris na ƙasar Faransa ranar 14 ga Nuwamba, 1840, ya kuma tashi a Le Havre da ke bakin teku. A can ne Eugène Boudin ya koya masa fita fili ya zana abin da idonsa ke gani.

A 1874 ya baje wani zanen fitowar rana a tashar jiragen ruwan garinsu. Wani mai sharhi ya yi masa ba'a, yana ganin aikin bai kammalu ba. Daga wannan ba'a salon Impressionism ya samo sunansa.

Monet kan ɗiɗɗiga launuka da buroshi, kowanne kusa da ɗan'uwansa. Wanda ya matso sai ya ga dabbare-dabbare; in ya ja da baya, sai ruwa da gajimare su bayyana. Inuwa ma da shuɗi da shunayya yake fitar da ita. Ya zana majami'ar Rouen sama da sau 30, domin hasken hantsi daban yake da na la'asar.

Ya sha talauci, ya kuma rasa matarsa Camille a 1879. A 1883 ya koma Giverny, inda daga baya ya haƙa tafkin bado, ya zana shi kusan sau 250. Yanar ido ta dusashe ganinsa, launukansa suka rine zuwa ja da rawaya, amma bai ajiye buroshi ba.

Ya rasu ranar 5 ga Disamba, 1926, yana da shekara 86. Manyan zanukan badon da ya bai wa ƙasarsa suna gidan tarihi na Orangerie har yau.