Edgar Codd: matuƙin jirgin da ya sauya fasalin rumbun bayanai

Duk ɗalibin Kimiyyar Kwamfuta da ya taɓa rubuta SQL ya ci gumin wannan mutumi, amma kaɗan ne suka san sunansa. An haifi Edgar Frank Codd ranar 19 ga Agusta, 1923 a tsibirin Portland da ke kudancin Ingila. Ya karanci lissafi da kimiyyar sinadarai a Jami'ar Oxford, kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya tuƙa jirage a rundunar sojin saman Birtaniya. A 1948 ya tsallaka Amurka, ba da jimawa ba ya kama aiki da kamfanin IBM. Sai a 1965 ya sami digirin digirgir a Jami'ar Michigan, ya haura shekara arba'in. Masu cewa sun tsufa da karatu, kun dai ji.

A wancan zamani, ciro bayani daga kwamfuta jan aiki ne. Manhajar IMS, wadda IBM ke taƙama da ita, tana jera bayanai kamar bishiya: tushe, reshe, ƙaramin reshe. Mai rubuta manhaja dole ya san hanyar da zai bi, ya ɗauko bayani ɗaya, ya koma ya ɗauko wani. In manaja ya nemi sabon rahoto, sai an zauna an rubuta sabuwar manhaja. In kuma aka sauya tsarin ajiya, shi ke nan, tsofaffin manhajoji su rikice.

A watan Yunin 1970, yana cibiyar binciken IBM da ke San Jose, Codd ya fitar da maƙalar da ta kawo mafita. Shawararsa ita ce a zuba bayanai cikin tebura masu layuka da ginshiƙai, abin da zai haɗa tebur da tebur kuma ya zama bayanin da suka yi tarayya a kai. Misali, teburin ɗalibai da teburin sakamako duk suna ɗauke da lambar rajista, to wannan lamba ta isa a haɗe su. Haɗin nan shi ne JOIN da muke rubutawa a yau. Kai dai ka faɗi abin da kake so, neman hanya kuma aikin na'ura ne.

Sai dai a gida aka fara yi masa sanyin jiki, don IMS na kawo kuɗi, kuma da yawa na ganin haɗa tebura zai sa na'ura tafiyar hawainiya. Da IBM ya kafa aikin gwaji mai suna System R, ba Codd aka ba jagoranci ba, ba kuma harshen da ya tsara, wato Alpha, aka ɗauka ba. Donald Chamberlin da Raymond Boyce ne suka fito da SEQUEL a 1974, wanda ya koma SQL. Batun jinkiri kuwa, Patricia Selinger da abokan aikinta suka magance shi a 1979, da dabarar da rumbun ke auna hanyoyin haɗa tebura ya zaɓi mafi sauƙi. A wannan shekara kamfanin Larry Ellison ya kai Oracle kasuwa, ya riga IBM da ya yi shukar. DB2 sai a 1983.

Codd ya karɓi lambar yabo ta Turing a 1981, amma bai yi shiru ba. Ya soki SQL saboda yana barin layi ɗaya ya maimaitu a tebur. A 1985 ya fitar da ƙa'idojinsa da ake kira goma sha biyu, don tona asirin kamfanonin da ke tallan tsohon kaya da sunan sabon tsari. A 1993 ya fito da sunan OLAP don nazarin bayanai ta fuskoki da yawa, irin wanda manyan rahotanni ke buƙata. Ya mutu ranar 18 ga Afrilu, 2003 a Florida, yana da shekara 79.

To, 'yan uwa masu firojet na ND da HND, ga inda abin ya shafe mu. A ce shafinka zai fitar da sakamakon ɗalibai 500. In ka ɗauko sunaye da tambaya ɗaya, sannan ka sa PHP yana komawa MySQL neman makin kowa ɗaya bayan ɗaya, ka aika tambaya 501 ke nan. Kamar ka aiki yaro kasuwa sau ɗari biyar ne, kowane zuwa ya sayo tumatir ƙwaya ɗaya. Da sunaye goma na gwaji ba za ka ga illar ba, sai ranar da bayanai suka yi yawa shafin ya tsaya cak. JOIN guda, da GROUP BY in ana son jimilla, da fihirisa a kan lambar rajista, sun isa su kawo rahoton a tafiya ɗaya. Kafin ranar kare firojet, ka ƙirga tambayoyin da shafinka ke aikawa. In suna ƙaruwa da yawan ɗalibai, to har yanzu kana bin reshe-reshe irin na kafin 1970.